Shin Ɗan Fari da Shugabanci Ake Haifarsa?

Babban Yaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da na daɗe ina riƙe da ita, ina so mu baje ta a faifai. A wurina, matsayin da yaro ya zo a jerin haihuwa shi ke yanka masa irin shugabancin da zai yi, kuma tun bai kai shekara shida ba ake gane hakan. Ɗan fari da umarni yake tafiyar da yara: yi kaza, bar kaza, ni zan fara. Na tsakiya ɗan sulhu ne, shi ke shiga tsakani in rigima ta tashi. Auta kuwa da fara'a da lallami yake juya mutane, har su yi abin da yake so ba su ankara ba.

Ba kaina farau ba. Tun 1874 Francis Galton ya bi tarihin manyan masana kimiyya na Ingila, ya tarar manyan 'ya'ya maza sun yi yawa a cikinsu fiye da kima. 'Yan sama jannati bakwai na farko da Amurka ta zaɓa a 1959, kowannensu ko shi ne babban ɗa namiji a gidansu, ko shi kaɗai ne namiji. Wanda yake ganin duk wannan dace ne kawai, bismillah, ya kawo hujja.

Maman Yara:
Wa'alaikumus salam. Yaya, ni ba sai an kai ni Ingila ba, a ɗakina nake gani. Babbar 'yata shekararta bakwai. In suka zauna wasan asibiti ita ce likita kullum, ita ke raba aiki: "Ke ce nas, kai ne mara lafiya, kwanta nan, kar ka motsa sai na ce." Wanda ya tashi kafin ta sallame shi, to wasa ya ƙare. Shi kuma ƙaramin, ɗan shekara uku, ba ya ja da ita ko kaɗan. Sai ya matso ya jingina da kafaɗarta ya ce, "Yaya, in na warke ni ma zan riƙe allurar ko?" Kafin ka ce kwabo allura tana hannunsa, ita kuma ta kwanta ta zama mara lafiya. Ban koya wa ko ɗayansu haka ba. Ina bayanka.

Malamar Nazare:
Maman Yara, abin da kika gani gaskiya ne, ba na musu. Amma a gida kika gan shi, tsakanin 'yar shekara bakwai da ɗan shekara uku. Ni kuma wurin da nake aiki duk yaran sa'o'in juna ne, 'yan shekara huɗu zuwa biyar, babu yaya babu ƙane. A nan ne maganar take rikicewa.

In da abin da Yaya ya faɗa haka yake, da na shiga aji zan iya nuna 'ya'yan fari da yatsa ba tare da na buɗe rajista ba. Ba na iyawa. Akwai yarinyar da ta fi kowa iko a wurin wasan tubali a ajina. Ita ke cewa yau gada za a gina, ita ke tsayar da wanda zai ɗauko jajayen tubala da wanda zai ɗauko shuɗaye, in ginin ya rushe ita ke cewa a sake. Da mahaifiyarta ta zo ɗaukarta na yaba mata, sai ta riƙe baki. Ashe ita ce auta cikin biyar, a gida ko magana ba ta cika yi ba, yayyenta ke amsa mata tambaya. Akwai kuma yaron da shi ne babba a gidansu, yana da ƙanne biyu, amma a aji sai ya tsaya a gefe har sai wani ya kira shi.

Kuma a daina ɗauka cewa shugabancin yara iri ɗaya ne. Tun 1933 Mildred Parten, da ta daɗe tana lura da yara a makarantar renon Jami'ar Minesota a Amurka, ta rubuta cewa shugabanni biyu ake samu a cikinsu: mai dabara, wanda ke jan yara da shawara a kaikaice har su bi shi da son ransu, da mai fin ƙarfi, wanda ke riƙe ƙaramin gungu da tsawa da ƙwace. Duka biyun ina ganin su kullum, kuma kowane iri akwai 'ya'yan fari a ciki, akwai 'yan auta.

Babban Yaya:
Malama, yara biyu kika kawo. Ni ma zan iya kawo goma da suka bi yadda na ce.

Mai Ƙididdiga:
Daidai, Yaya, shi ya sa ba a yanke irin wannan magana da labarin yaro biyu ko goma. Bari in shigo da abin da ya shafi aikina, domin misalan nan naka biyu akwai rami a ƙarƙashinsu.

Ɗauki gida mai 'ya'ya biyu: rabin yaran gidan 'ya'yan fari ne. Ɗauki gida mai 'ya'ya takwas: ɗaya cikin takwas ne ɗan fari. A ƙasashen da aka yi yawancin binciken nan, iyaye masu ilimi da abin hannu su suka fi tsayawa a 'ya'ya kaɗan. Saboda haka in ka tara manyan masana ko 'yan sama jannati ka ƙirga, dole 'ya'yan fari su yi yawa, ko da matsayin haihuwa bai yi komai ba, domin mutanen daga ƙananan gidaje masu hali suka fito. Kai kana ganin tasirin zama na fari, alhali girman gida da halin iyaye kake aunawa.

Rami na biyu ya fi shafar Maman Yara. A cikin gida ɗaya, ɗan fari kullum shi ne ya fi shekaru. In kika ga 'yar bakwai tana juya ɗan uku, ta yaya za ki raba ko zama ta fari ne ya sa, ko shekara huɗun da ta ba shi? Ɗauko kowace 'yar bakwai, ko da auta ce a gidansu, ki haɗa ta da ɗan uku, ita za ta zama likita.

Waɗansu masana biyu a Suwizalan, Cécile Ernst da Jules Angst, sun zauna sun tace binciken da aka yi a kan wannan batu daga 1946 zuwa 1980, suka fitar da sakamako a 1983. Abin da suka gano shi ne yawancin bambance-bambancen hali da ake jingina wa jerin haihuwa suna ɓacewa da zarar an cire girman gida da matsayin iyaye. A 2015 aka sake gwadawa da jama'a masu yawan gaske. Julia Rohrer da abokan aikinta sun duba manya fiye da 20,000 daga Amurka da Birtaniya da Jamus. Ba su sami bambancin a zo a gani ba a son shiga jama'a, natsuwa, sauƙin kai, ko riƙe aiki da muhimmanci. A shekarar dai Rodica Damian da Brent Roberts suka duba ɗaliban sakandare kimanin 377,000 a Amurka, matsakaiciyar alaƙar da suka samu tsakanin jerin haihuwa da hali 0.02 ce kawai, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa. Wannan ƙanƙantar, ido ba zai taɓa ganin ta a jikin yaro ba.

Babban Yaya:
Ɗan'uwa, na ji lissafinka, amma ka tsallake wanda bai yi maka daɗi ba. A Suwidin, Sandra Black da abokan aikinta biyu sun yi bincike da aka buga a 2018, kuma 'yan'uwa na gida ɗaya suka kwatanta, don haka raminka na girman gida bai shafe shi ba. A can in saurayi ya kai shekara 18 ya je rajistar soja, masanin halayya kan zauna da shi ya ba shi maki a kan juriya, ɗaukar nauyi, shiga jama'a da iya fara abu da kansa. 'Ya'yan fari sun fi ƙannensu maki. Da suka girma kuma, damar ɗan fari ta zama babban manaja ta ɗara ta ɗa na uku da kusan kashi 30 cikin 100. Ƙannen sun fi karkata ga yin sana'ar kansu. In wannan ba bambancin shugabanci ba ne, mene ne?

Mai Ƙididdiga:
Bincike ne mai ƙarfi, ban raina shi ba, kuma shi ne hujjar da ta fi kowace nauyi a ɓangarenka. Amma a lura da abubuwan da yake faɗa. Maza kaɗai ya duba, kuma manya. Kashi 30 ɗin nan ƙari ne a kan wata dama da dama can ƙarama ce, domin mutane ƙalilan ne ke zama manyan manajoji. Mafi yawan 'ya'yan fari a Suwidin ba manajoji ba ne, kuma akwai manajoji da yawa 'yan auta. Sannan samun muƙami daban, salon shugabanci daban. Binciken bai ce ɗan fari da umarni yake mulki, auta da lallami ba. Wannan rabon gida uku da ka yi, babu shi a ciki.

Ga wanda ya fi muhimmanci a ganina. A Norwe, Petter Kristensen da Tor Bjerkedal sun duba sakamakon gwajin basira na samari kimanin 241,000, suka buga a 2007. 'Ya'yan fari sun ɗara na biyu da maki biyu da 'yan kai. Sai suka ware yaran da aka haifa na biyu amma yayansu ya rasu tun yana jariri, wato suka tashi a matsayin babba a gida. Waɗannan makinsu irin na 'ya'yan fari ne. Ke nan ba a cikin uwa ake samo abin ba. Gurbin da yaro ya tashi a ciki, da yadda aka bi da shi a gurbin, su ke aiki.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ina karantawa ina ƙaruwa. Ni ba ni da alƙaluma, amma ina da tambaya ga Babban Yaya. Annabi Yusuf, alaihis salam, yana cikin ƙanana a gidan mahaifinsa, yayyensa suka jefa shi rijiya, a ƙarshe shi ya riƙe taskokin Masar, su suka zo neman awo a hannunsa. Annabi Musa ƙane ne ga Annabi Haruna, amma shi ya ja ragamar Banu Isra'ila, yayan ya zama mataimaki. Na san annabta zaɓin Allah ce, ba a auna ta da ma'aunin gida. Abin da nake nufi, tun da can mutane sun san girman shekaru da jan ragama ba dole su haɗu a mutum ɗaya ba. Mu muke cewa babban wa uba, kuma gaskiya ne ta wajen haƙƙi da girmamawa. Amma kar mu ɗora wa karin maganar abin da ba ta ce ba.

Babban Yaya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ce ƙane ba ya shugabanci ba. Cewa na yi salonsa daban ne.

'Yar Tsakiya:
To a nan nake so in sa baki, domin salon da aka yanka mana mu na tsakiya ya daɗe yana damuna. Kullum sai a ce mu 'yan sulhu ne, kamar wata baiwa ce aka ba mu. Ni na tashi tsakanin yaya mai iko da ƙanwa shalele. In na yi faɗa da yaya a ce ba ni da kunya, in na yi da ƙanwa a ce ba ni da tausayi. Me ya rage min ban da in koyi lallaɓa kowa? Na koya kuwa. Amma da na shiga makaranta aka ba ni monita a aji uku, babu wanda ya kai ni tsanani, sunan kowa ina rubutawa. Waccan mai sulhun tana gida, wannan tana makaranta, kuma duk ni ce.

Na san za a kawo binciken da Michael Ashton da Kibeom Lee na Kanada suka buga a 2024, na mutane fiye da 700,000, inda na tsakiya suka ɗan fi kowa a sauƙin kai da rashin girman kai. Na karanta bayaninsa. Su da kansu sun ce babban kaso na bambancin daga yawan 'yan'uwa yake: duk wanda ya tashi cikin yara da yawa ya fi koyon haƙuri da juna, kuma ba ka zama na tsakiya sai gidanku ya kai uku. Maganar Mai Ƙididdiga ce ta dawo.

Auta:
Yaya 'Yar Tsakiya, ni zan ɗan saɓa miki, in kuma ɗan kare Babban Yaya, duk da ni auta ne. Akwai abin da ƙaramin yaro ke koya wanda babba ba ya bukatar koya da wuri. Babba yana da ƙarfi, yana da baki, ya fi tsawo; in yana son abin wasa sai ya miƙa hannu ya ɗauka. Ƙarami ba shi da ko ɗaya. Dole ya karanci fuskar yayansa, ya san lokacin da zai roƙa, da lokacin da zai yi musaya, da lokacin da zai kira Mama. Abin da ɗan Maman Yara ya yi da allura ke nan.

Kuma an gwada wani abu makamancin haka. Akwai gwajin da ake yi wa yara: a nuna musu 'yar tsana ta ajiye ƙwallo a kwando ta fita, wata ta zo ta mayar da ƙwallon cikin akwati. Sai a tambayi yaro, in ta farkon ta dawo ina za ta duba? 'Yan shekara uku yawanci akwati suke nunawa, domin a ganinsu abin da suka sani kowa ya sani. Wajen shekara huɗu zuwa biyar sai su fara cewa kwando, sun gane wani yana iya riƙe tunanin da ba daidai ba. Ted Ruffman da abokan aikinsa sun nuna a 1998 cewa yaran da ke da yayye sun fi saurin cin wannan gwaji, amma samun ƙanne bai ƙara komai ba. Ba duk binciken da ya biyo baya ne ya sami haka ba, amma abin ya shiga hankali. Wanda ya iya hasashen abin da ke ran wani, ai ya sami rabin kayan aikin mai dabara da Malama ta ambata.

Malamar Nazare:
Auta, na yarda ana koyon dabarar a gida. Tambayar ita ce, yaro yana ɗauko ta ya fito da ita waje? A Kanada, Rona Abramovitch da abokan aikinta sun shiga gidaje suna kallon 'yan'uwa ƙanana suna wasa, suka bi su shekaru. A gida abin ya fito sarai: babba shi ya fi fara komai, taimako da tsokana duka, ƙarami ya fi kwaikwayo da bi. Amma da suka kalli yaran nan tare da abokansu, a rahotonsu na 1986, yadda yaro ke yi da ɗan'uwansa bai nuna yadda zai yi da aboki ba. Wannan ita ce hujjar da Judith Rich Harris, mai rubutu kan halayyar yara, ta tsaya a kai daga baya: yaro yana koyon halin da zai fisshe shi a kowane wuri daban, kuma ba ya jan na gida zuwa inda ba shi da amfani. Ɗan fari da ya saba ba ƙannensa umarni, ranar farko da ya gwada a aji wani sa'ansa ya ce masa "ba zan yi ba," daga nan sabon karatu ya fara.

Wannan ma shi ya sa iyaye ke rantsuwa da maganar Babban Yaya, mu malamai muna girgiza kai. Ku kuna ganin yaran tare, kowa a gurbinsa. Mu muna ganin su a ware.

In ma shekaru ake so a bi, akwai wanda ya fi jerin haihuwa bayyana a aji: watan haihuwa. Tsakanin yaron da ya kusa cika biyar da wanda bai daɗe da cika huɗu ba, tazarar baki da natsuwa babba ce, kuma malami sai ya riƙa aiken babban, shi zai raba littattafai, shi zai ja layi. Elizabeth Dhuey da Stephen Lipscomb sun nuna a 2008 cewa a sakandaren Amurka, waɗanda suka fi 'yan ajinsu watanni sun fi samun muƙaman shugabancin ɗalibai. Babu wanda zai ce watan haihuwa hali ne. Wanda aka saba ba wa aiki shi ke iya aiki.

Maman Yara:
To Malama, in na fahimce ku, ni ce nake mayar da babbar tawa mai umarni ke nan?

Mai Ƙididdiga:
Ba ke kaɗai ba, kuma ba laifi ba ne, yanayi ne. Joseph Price ya duba yadda iyaye a Amurka ke kashe lokacinsu, ya buga a 2008 cewa ɗan fari yana samun ƙarin minti 20 zuwa 30 a kullum na zama da iyaye, in aka kwatanta da ƙanensa lokacin da ya kai shekarun. Ba don an fi son sa ba: iyaye kan raba lokaci daidai a kowace rana, amma lokacin da suke ba yara gaba ɗaya yana raguwa yayin da yaran ke girma, sai na baya ya tarar da saura. Haɗa wannan da "riƙe hannun ƙanenki," "ki kula da su kafin in dawo," "ke ce babba." Yarinyar da ake faɗa wa haka kullum tana atisayen ba da umarni ne.

Babban Yaya:
To ai kun zo inda nake. Ko ciki ne ko gurbi ne, ɗan fari dai ya fita daban. Kuma bari in faɗi abin da ya sa maganar nan take ci mini rai. Ni na tashi da "kai ne babba." In ƙanena ya fasa kofi, ni za a tambaya ina nake. In ya faɗi ya ƙuje gwiwa, ni za a yi wa faɗa. Amma in na hana shi hawa inda zai faɗo, ya yi kuka, a ce ina cin zalinsa. An ba ni nauyi, ba a ba ni iko ba. Yaron da aka sa a wannan hali me zai koya in ba tsawa ba? Yana tsoron kuskuren wani ya faɗo kansa, dole ya matsa wa kowa. Har yau in aka ba ni aiki tare da mutane, da ƙyar nake iya sakar wa wani ɓangarensa. Kar wani ya ce min wannan bai bi ni waje ba. Ya bi ni.

Malamar Nazare:
Yaya, na gaskata ka, kuma wannan da ka faɗa ya fi duk alƙaluman da muka kawo taɓa ni. Amma dubi abin da ka lissafa: faɗan da aka yi maka, nauyin da aka ɗora maka, ikon da aka hana ka. Ko ɗaya babu wanda haihuwa ta kawo, duk a bakin manya suke. Akwai gidan da 'ya ta biyu ce ke ɗauke da wannan kaya saboda ita ce mace babba, akwai gidan da tazarar shekaru ta yi yawa har na uku ya tashi kamar sabon ɗan fari. In muka ce "haka 'ya'yan fari suke," mun wanke hannunmu. In muka ce haka muke yi musu, akwai abin gyarawa.

Alfred Adler, likitan nan na Ostiriya da ya fara yaɗa wannan batu a farkon ƙarni na 20, ya kwatanta ɗan fari da sarkin da aka sauke daga karaga ranar da aka haifi ƙanensa. Shi ma ya ja kunne cewa yadda yaro ya fahimci matsayinsa ya fi lambar haihuwarsa muhimmanci. Judy Dunn da Carol Kendrick sun bi gidaje 40 a Kambirij ta Ingila, kafin haihuwar ɗa na biyu da bayanta, suka buga a 1982. Yawancin 'ya'yan farin sun rikice: rigima, naci, rashin barci. Amma a gidajen da uwa ke yi wa babban magana a kan jaririn a matsayin mutum mai jin yunwa da gajiya, tana jawo shi su yi shawara tare, "kana ganin me ya sa yake kuka?", yaran biyu sun fi shiri da juna daga baya. Ɗan fari ne a nan, ɗan fari ne a can, amma wani an koya masa tsaro, wani an koya masa kula.

'Yar Tsakiya:
Sannan lakabin da kansa yana cutarwa. Yaron da ya ji ana cewa "wannan ai auta ne, ba ya iya komai," ya sami izinin zama. Wanda ya ji "wannan shugaba ne" ya sami izinin danne saura.

Baba Dattijo:
Ina da sauran tambaya ɗaya. Tilo fa, wanda ba shi da wa ba shi da ƙane? A rabon Babban Yaya ba shi da gida.

Mai Ƙididdiga:
Baba, an duba su. Toni Falbo da Denise Polit sun tattara bincike 115 a 1986, suka tarar tilo bai gaza sauran yara a zaman jama'a ba, kuma a ƙwazo da basira yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan fari da yaran ƙananan gidaje. Wannan ya fi nuna cewa ɗan fifikon da ake gani daga kulawar manya yake zuwa, tun da tilo bai taɓa samun ƙanen da zai yi wa umarni ba.

Babban Yaya:
Zan rage maganata amma ba zan janye ta ba. Na bar batun cewa da shi ake haifar yaro, binciken Norwe ya ishe ni. Amma ina nan a kan cewa a mafi yawan gidaje gurbin ɗan fari iri ɗaya ne, kuma yana barin tabo ko alheri da ke bin mutum. Tambayoyin da masu bincike ke ba mutane su cika a takarda ba lallai su kama shi ba. Sakamakon Suwidin bai faɗo daga sama ba.

Mai Ƙididdiga:
A kan matsakaicin dubban mutane, akwai ɗan abu, na yarda. A kan yaro ɗaya da ke gabanka, sanin lambarsa ba zai gaya maka ko mai dabara ne ko mai fin ƙarfi ba. A nan muka rabu, kuma ina ganin rabuwar ba ta da faɗi kamar da farko.

Maman Yara:
Ni dai aikin gida ya rage min. Malama, a aikace, yaya zan yi da 'yar bakwai da ba ta yarda kowa ya zama likita sai ita, ba tare da na karya mata gwiwa ba? Domin ina son ƙarfin halin nan nata, ba na so ya mutu.

Malamar Nazare:
Kar ki hana ta jagoranci, ki canja mata aikin. Ki ce yau ita ce mai koyar da sabon likita: ta nuna wa ƙanenta yadda ake riƙe allura, ta tsaya gefe ta ga ko ya iya. Har yanzu ita ce babba, amma nasararta ta koma a kan wani ya iya, ba a kan kowa ya kwanta ba. Shi kuma ƙaramin ki ba shi aikin da yake nasa shi kaɗai, ko da tattara kayan wasa cikin kwando ne, kuma in bai yi ba shi za ki tambaya, kar ki waiwayi yayarsa. In kin bar su tare na ɗan lokaci, ki faɗa a gaban kowa iyakar abin da aka ba ta: za ta iya hana hawa tebur, ba za ta iya duka ba, in abu ya fi ƙarfinta ta kira ki, kuma abin da ya lalace ba a wuyanta yake ba. Sai kuma ki nemi ganin ta cikin sa'o'inta, ko ki tambayi malamarta wa ke tsara wasa a ajinsu, kafin ki yanke hukuncin wace irin shugaba ce.